Gimbiya Amelia: son Frederick ne ya hana ta aure?

Hajara: Jama'a, ina nan kan bakana. Gimbiya Amelia, 'yar Sarki George na Biyu na Ingila, son Frederick, yariman da ya zama sarkin Prussia (wata tsohuwar masarautar Jamusawa), ne ya hana ta aure har ta mutu. Ɗan goggonta ne, aka so yin auren zumunci, ubansa ya rushe maganar. An ce da ta rasu an tarar da ɗan ƙaramin hotonsa a jikinta.

Bashir: "An ce" ɗin nan ne ya karya ki, Hajara. Kuma ajiye hoton ɗan'uwa ai ba shaidar soyayya ba ne.

Malam Lawal: Ku bi a hankali. Auren siyasa aka shirya tun farko, masu goyon bayan Austria a fadar Berlin kuma ba sa son ƙawance da Ingila. A 1730 Frederick ya yi yunƙurin guduwa, uban ya tsare shi a sansanin soja na Küstrin, aka fille kan abokinsa Katte a gaban idonsa. A 1733 aka aura masa Elisabeth Christine. Wa ya tambayi ra'ayin Amelia a duk wannan?

Hajara: Malam, rashin tambayarta bai hana zuciya so ba.

Bashir: To dubi yadda ta rayu. Dawaki, farauta, karta. Da aka ba ta kula da gandun shaƙatawa na Richmond, kusa da Landan, a 1751, rufe ƙofofi ta yi, sai wanda ta ga dama ya shiga. Sai da wani mai sana'ar giya, John Lewis, ya kai ƙara, ya yi nasara a 1758, aka buɗe wa masu tafiya a ƙasa hanya. Mai zaman jimami ce wannan?

Hajara: Amma Frederick ya mutu a Agustan 1786, ita ta bi shi ranar 31 ga Oktoba. Wata uku ma ba a cika ba!

Bashir: Tana da shekara 75, ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan babanta. Haba.

Zainab: Ni tambayata, ina aka binne ta?

Malam Lawal: A cocin Westminster da ke Landan, sashen Henry na Bakwai, inda iyayenta suke. Shi kuma Frederick a Potsdam.

Hajara: Kabari ai masu rai ke zaɓa, Malam. Hoton fa har yanzu ba wanda ya ba ni amsarsa.

Bashir: Ki fara gaya mana wanda ya gani da idonsa tukuna.