Kabewata na fure amma 'ya'yan na zubewa

Salamu alaikum manoma. Ina da garka a Jiratawa, kusa da Maradi. Kabewata ta yi yaɗo, fure kuma ba laifi: namiji mai dogon siririn kara, mace mai ɗan ƙullutu a gindinta. Sai dai ƙullutun kan yi rawaya tun bai kai ƙwan kaza ba, ya yanƙwane ya faɗi.

Ƙudan zuma sun yi ƙaranci tun da maƙwabta suka fara feshi. Na ƙara taki, na rage ruwa, shiru. Na tsinko namiji na goga garinsa a tsakiyar macen da hantsi, amma wasu furannin sun riga sun rufe, waɗanda na goga ma sun zube.

Da wane lokaci ya kamata a yi gogar nan don ɗan ya kama?