Ƙafar Innarmu ta ƙi ɗaguwa bayan aikin gwiwa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yau kwana 12 da aka sa wa Innarmu gwiwar ƙarfe a Yawunde, mun dawo da ita Garwa. An yi mata allurar kashe jijiya a matsematsi saboda zafi. Likita ya ce takan raunana naman gaban cinya, amma kwana ɗaya ko biyu take sakin mutum.

Zafi kam ya yi sauƙi, alhamdulillahi. Sai dai in tana kwance, diddigenta ba ya barin katifa ko kaɗan. Jiya ta miƙe za ta yi alwala, gwiwar ta lanƙwashe, da ƙyar na tare ta.

Allurar ce har yanzu, ko kumburin ne? Mu koma Yawunde, ko mu nemi likitan motsa gaɓoɓi a nan? Tafiyar ba wasa ba ce ga tsohuwa.