Da gaske jirgi mara matuƙi zai iya dawo da sabis bayan ambaliya?

Ummu Khairat:
Salamu alaikum jama'a, masu ilimin waya don Allah ku taimaka min. Lokacin da dam ɗin Alau ya ɓalle a Satumban 2024 ruwa ya ci Maiduguri, mun yi ta kiran 'yan uwa layi baya shiga, wasu kuma wayar ce a kashe, wallahi tashin hankalin rashin jin muryar mutum ya isa. To jiya yarona yake ce min wai a wasu ƙasashen jirgi mara matuƙi ake tadawa sama ya dawo da netwok. Gaskiya ne ko labarin TikTok ne kawai?

Injiniya Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam Hajiya, yaronki bai yi ƙarya ba. A Yulin 2021 da ambaliya ta afka wa lardin Henan a Sin, sun tada wani babban jirgi Wing Loong tun daga lardin Guizhou, ya zo ya yi ta shawagi a kan garin Mihe, mutane kawai sai ganin saƙo suka yi a waya cewa sabis ya dawo na awa 5, kowa ya gaggauta sanar da 'yan uwansa halin da yake ciki. Kafin nan a 2017 bayan guguwar Maria a Puerto Rico kamfanin waya na Amurka AT&T ya tada nasa, shi kuma ƙarami ne, ɗaure yake da wayar wuta daga ƙasa, ya tsaya sama kamar mita 60.

Abin ba wani sihiri bane, ƙarfen sabis ne aka ɗaga sama, iya tsayinsa iya nisan da zai kai. Amma fa inda gizo ke saƙar shi ne jirgin kansa sai an haɗa shi da sauran netwok, ko ta tauraron ɗan'adam ko ta faiba, in babu wannan zaki ga sabis ya cika a waya amma kira baya fita. Sannan wuta, ƙananan nan da ake ɗaukar bidiyon biki da su batirinsu da ƙyar ya wuce minti 30, shi ya sa ake ɗaure su da waya ana basu wuta daga janareta.

Abu Hanif:
Injiniya duk naji, amma anan wa zai bari ka tada shi? Sai ka samu izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama NCAA da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma a farkon 2025 sojoji sun hana tada duron a arewa maso gabas saboda 'yan ta'adda sun fara kai hari da shi. Ruwa na cin gari kai kana bin fayil ofis-ofis?

Injiniya Ɗan Fagge:
Ai shi ya sa ba ranar ake nema ba Malam. Kamfanin Zipline na kai magani da jini asibitoci da duron a Kaduna tun 2022, kenan izinin yana samuwa in an zauna tun da wuri. Hukumar agajin gaggawa NEMA da hukumar sadarwa NCC da kamfanonin waya ne ya kamata su gama wannan magana kafin damina, a san wa zai tada, a san inda aka aje kayan.

Yakura:
Ni dai ina cikin garin lokacin, kuma damuwarmu caji ne, babu wuta kuma wayoyi da yawa sun sha ruwa, ko jirgi goma ka tada sama wanda wayarsa ta mutu bashi da labari. In za'a kashe kuɗin a haɗa da sola ta caji a sansanonin da ake kai mutane. Injiniya wannan mai ɗaure da wayar, a kan kwale-kwale zai yi aiki ko dole sai an samu tudu?