Zuciyata ba ta zama wuri ɗaya, ko a cikin sallah

Mai POS, Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da ɗan shagon POS a Ƙofar Ƙaura, ina buɗewa bakwai na safe, ba na tashi sai bayan isha'i. Matsalata rashin natsuwa. Jiya a la'asar, ina zaman tahiya sai ga ni ina lissafin dubu goma sha biyar da aka cire wa wata mata, kuɗin kuma bai shigo min ba. Na sallame ban san uku na yi ko huɗu ba. Wani abokina ya ce in riƙa zama minti goma ina bin numfashina kawai. Na gwada, ko minti biyu ban kai ba hannuna ya zarce aljihu neman waya. Mai irin halina ta ina zai fara?

Ma'aikaciyar jinya, Katsina:
Ƙanena, minti goma ya yi maka yawa tukuna. Abin da abokinka ya faɗa, wani Ba'amurke, Jon Kabat-Zinn, ya mai da shi darasi na mako 8 a asibitin Jami'ar Massachusetts tun 1979, saboda masu ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Su ma ba su ce zuciya za ta daina yawo ba. Dole ta tafi. Naka shi ne ka lura ta tafi, ka jawo ta, kada ka tsaya zagin kanka. Jawowar nan ita ce horon. Na'urarka ai tana ɗan juyi kafin ta tofo rasit, ko? To ja numfashi uku a tsakanin nan, maimakon ƙura wa allon ido kamar za ka cinye shi.

Dattijo daga Daura:
Yaro, ɓarnar tun kafin kabbara take faruwa. Ka taso daga shago a guje, ka yi alwala kamar mai kashe gobara, ka tarar liman ya yi ruku'u. Ina natsuwa za ta fito? Rufe tun kiran sallah. Ka ji sanyin ruwan buta yana gangarowa gwiwar hannunka. In an sallame kada ka zabura, yi tasbihin nan 33-33 da gaɓoɓin yatsunka, sannu a hankali. Waya kuwa a kulle ta a shago. Batun shakkar raka'a, je ka tambayi malamin unguwarku hukuncin wanda shakka ta zame wa jiki, yana nan cikin Risala.

Mai POS, Ƙofar Ƙaura:
Na gode Anti, Allah Ya ƙara girma Baba. Yau na gwada na rasit ɗin, sau huɗu kacal na tuna yini guda, ɗaya ma kwastoma ya tambaye ni ko lafiya. Rufewa da azahar ce ke ba ni tsoro, lokacin ciniki ne, kuma maƙwabcina ba ya rufewa. Bari in fara da magariba tukuna.