Motata ta koma shan mai, me zan duba?

Baban Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Motata ƙirar 2009 ce, silinda huɗu, giyar hannu. Aikinta kai yara makaranta da kai ni ofis, kilomita 14 zuwa, 14 dawowa, rabin hanyar cunkoso. Wata uku ke nan tanki ba ya kai ni inda ya saba. Na canza filogi, na juye baƙin mai, shiru kake ji. Kuma ina lallaɓa ta: da safe nakan bar ta tana sulo minti goma ta ɗumama, a gangara kuma in sake ta a firi. Abu ɗaya da aka taɓa mata, kwanaki ta yi zafi, bakanike ya cire tamostat ya haɗa fanka kai tsaye. Abin ya dame ni matuƙa.

Mai Sifana:
Wa alaikumus salam. Malam, ai ka faɗi ciwon da bakinka a ƙarshen maganarka. An ƙera inji ne ya yi aiki da zafinsa, wajen digiri 90. Aikin tamostat shi ne ya tare ruwa kada ya zagaya lagireto sai injin ya kai wannan zafin. Da aka cire shi, ga fanka na juyawa tun daga tayarwa, injinka a sanyaye yake yini. Kwamfutar motar kuwa muddin ta ga sanyi, ƙara mai take yi, don a wurinta har yanzu ɗumama ake. A tafiyar kilomita 14 zai yi wuya ta daina.

Wannan aikin yana ɓata min rai, don ba gyara ba ne, rufe ciwo ne. Abin da ya sa ta yi zafi tun farko yana nan: ko lagireto ya toshe, ko murfinsa ya saki, ko famfon ruwa, ko shi tamostat ɗin ne ya maƙale, sai a sa sabo. A mayar da fanka yadda take. In fitilar inji tana kunne a gabanka, a sa kwamfuta a karanta, don na'urar da ke auna iskar salansa in ta mutu ita ma tana sa shan mai.

Tsohon Direba:
Ɗana, bar sakin mota a firi. Mu da muka koyi tuƙi da kabireta muka gaji wannan, amma taka injekta ce. In tana cikin giya ka ɗaga ƙafa daga totur, yanke man take yi, tayoyi ne ke juya injin. A firi kuwa dole ta sha mai don kada ta mutu. Ga haɗari, duk nauyin motar ya koma kan birki.

Sulon minti goma ma asara ce. Rabin minti ya isa, ka tashi a hankali, a tafe ta fi saurin ɗumama. In kana jiran yara a bakin makaranta, kashe ta.

Babban abin dai ƙafarka ce. Duk birkin da ka taka da ƙarfi, man da ka riga ka ƙona ne ka zubar. Ka riƙa hangen nesa, ka bar tazara tsakaninka da na gaba, in ka hango danja ta yi ja ka saki totur tun daga nesa. Ka hau babbar giya da wuri. A babbar hanya kuma, daga 80 zuwa 90 ta fi sauƙin mai a kan 120, saboda iskar da motar ke turawa ninkuwa take yi da gudu.

Maman Yara:
Ni ƙarancin iska a taya ne ya sa tawa shan mai ban sani ba. Lambar iskar da ta dace tana jikin ƙofar direba, ba wadda ke jikin taya ba. A auna da safe kafin taya ta yi zafi. Sannan ka daina kintace da allurar mai: cika tanki, mayar da mitar tafiya sifili, ran da ka sake cikawa ka raba kilomita da litar da ta shiga. Ka leƙa but ma, ka sauke abin da ba ka buƙata.

Baban Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yanzu na tuna tun ranar da aka yi aikin allurar zafi ba ta ƙara kaiwa tsakiya ba, ni kuma har murna nake. Na auna tayoyi da safen nan, na baya biyu suna 24, ƙofa ta ce 32. Zan cika tanki in auna kafin a mayar da tamostat da kuma bayan an mayar. Mai Sifana, in za a sa sabon, sai an juye ruwan lagireton gaba ɗaya ne?