Shawarwari Kan Raɗa Wa 'Ya Mace Sunan Lada a Yukiren

Wasu ma'aurata 'yan Yukiren sun nemi shawara kan sanya wa 'yarsu suna Lada, kuma abin da masu ba da shawara suka fi nanatawa shi ne kada su dogara kacokan da labarin cewa Lada allahiyar soyayya da aure ce ta kakannin Silabawa, wato jinsin al'ummomin da 'yan Yukiren suke cikinsu. Hujjarsu tana da ƙarfi, domin gumakan da Yarima Volodymyr ya kafa a Kyiv a shekarar 980 sun haɗa da Perun da Dazhboh da Mokosh, amma babu Lada a cikinsu. Sunan ya fara bayyana a matsayin abin bauta a rubuce-rubucen limaman cocin Polan na ƙarni na 15, har malamin tarihi Jan Długosz ya ɗauke shi allan yaƙi, namiji. Masanin harshe Oleksandr Potebnia kuwa ya ga cewa kalmar ba sunan allahiya ba ce, amshi ne kawai na waƙoƙin biki da na bazara.

An dai yarda cewa ma'anar kalmar a tsohon harshen yankin, wato masoyi ko abokin aure, ta isa dalilin sanya sunan. (Bahaushe da ya ji sunan zai tuna da ladan aiki, amma babu dangantaka.)

Wasu sun tunatar da cewa firist na Cocin Otodoks yakan nemi sunan waliyyi ranar baftisma, don haka a tanadi suna na biyu. Wasu kuma sun ja kunne cewa akwai motar Rasha ma mai suna Lada, kuma yara a makaranta ba sa barin irin wannan tsokana.