Don Allah a taimaka, jam'i ya rikita min manhaja

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum. Manhajar adashi nake haɗa wa wani Alhaji a Kantin Kwari, abokan cinikinsa har Maraɗi da Injamena, ya ce lallai a sa Hausa da Faransanci da Larabci. Tun azumi muke abu ɗaya, kullum da abin da zai ƙaro, ga ba wuta, ga ƙanin matarsa da ke cewa shi ma ya iya kwamfuta. Sharaɗi ɗaya na rubuta: in lamba 1 ce tilo, in ba haka ba jam'i. Yanzu mai fassarar Larabci ya ce aikin bai yi ba, kuma Juma'a zan miƙa. Ya zan yi?

Injiniya: Ƙanina, goge sharaɗin nan, na Turanci ne. A CLDR na Unicode, wato kundin ƙa'idojin harsuna da masu manhaja ke bi, Larabci gida shida gare shi wajen tilo da jam'i: sifili, ɗaya, biyu, 3 zuwa 10, 11 zuwa 99, sai saura. Faransanci kuwa sifili ma tilo yake ɗauka. Ka koma ICU MessageFormat, tsarin da ke zaɓar jimla bisa lamba, ka ba mai fassara jimla cikakkiya. Da me ka gina manhajar?

Maman Hanif: Injiniya, CLDR ɗin naka gida biyu ya ba Hausa, amma wa ya taɓa cewa "nairori 500" a kasuwa? Kwana uku muke cewa, minti goma. Ku ne kuke turo mana kalmomi a Excel ba jimla ba bayani, in ya fito a karkace a ce mai fassara. Ni har yau wani bai biya ni aikin bara ba.

Bamaraɗe: Malam, sauƙaƙa wa kanka. Rubuta "Masu zubi: 5", kowane harshe ya wuce.

Injiniya: Wannan dabarar malalaci ce. Hajiya, ai ba wanda ya hana ki sa "kwana" a gidajen biyu.

Ɗan Fagge: Na gode, amma jimlolin a guntu-guntu na haɗa su, lamba daban, suna daban, sake su ba aikin Juma'a ba ne. Kuma Alhaji bai yi ƙorafi ba. In na ƙara wa Larabcin gida ɗaya na lamba 2 kawai fa?

Injiniya: To 11 fa? Kuma har yanzu ba ka faɗi da me ka gina ba.

Maman Hanif: Shi mai Larabcin an biya shi kuwa?